'Yantacciyar Manhaja da Ikon Mai Amfani da Kwamfuta: Abin da Ya Shafi Manazarta Harsunan Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya a sami wani aiki na nazarin harshe da ba ya bi ta cikin kwamfuta. Da ita ake tsara ƙamus, da ita ake adana maganganun da aka naɗo daga bakin masu harshe, da ita ake auna sauti da karin sauti, kuma da ita ake buga littattafai da mujallu. Sai dai kwamfuta ba ta aikata kome bisa ra'ayin kanta. Umarnin da aka rubuta mata take bi sau da ƙafa. Saboda haka duk wanda yake da iko a kan wannan umarni, shi ne yake da iko a kan aikin da ake yi da na'urar, ko da kuwa wani ne ya saye ta da kuɗinsa.

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan wata fafutuka da ta taso a ƙasar Amurka a shekarar 1983, wadda manufarta ita ce mayar da wannan iko hannun mai amfani da kwamfuta. An fara da fayyace ma'anar muhimman kalmomi, sannan aka kawo tarihin fafutukar da shika-shikanta, da dalilan da suka sa jama'a da hukumomi suke ɗari-ɗari da manyan kamfanonin fasaha. Daga nan aka duba yadda al'amarin ya shafi rubutu da adana harsunan Nijeriya, kana aka nuna wuraren da ita kanta fafutukar take da rauni.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar "manhaja" ararriya ce daga Larabci, kuma a da an fi saninta da ma'anar tsarin karatun makaranta. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa ta ƙunshi jerin umarnin da kwamfuta take bi wajen gudanar da wani aiki. Faɗaɗar ta yi daidai, domin a duka wuraren biyu ana nufin tsararriyar hanya ce da aka shata tun kafin a fara aiki.

Kowace manhaja tana da siga biyu. Akwai sigar da masani yake rubutawa da hannunsa a cikin ɗaya daga harsunan gina manhaja, wadda wani masanin zai iya karantawa ya fahimta, ya kuma gyara. Wannan ita za a kira "matanin asali" a wannan maƙala. Akwai kuma sigar da aka juya zuwa lambobin sifiri da ɗaya, wadda na'ura ce kaɗai take iya bin ta. Yawancin kamfanoni siga ta biyu suke sayarwa, su ɓoye ta farko. Wanda ya sayi irin wannan manhaja ya yi kama da wanda aka ba shi haɗaɗɗen magani ba a gaya masa itatuwan da ke ciki ba: yana iya sha, amma ba ya iya ragewa ko ƙarawa, kuma ba shi da hanyar sanin abin da yake haɗiya. Irin wannan ita ce "rufaffiyar manhaja".

Kishiyarta ita ce wadda ake kira free software da Ingilishi. Kalmar free tana ɗauke da ma'ana biyu, wato abin da ba a biya kuɗi ba, da kuma abin da ba ya cikin ƙangi. Wannan harshen damo ya daɗe yana rikita masu magana da Ingilishi, har ya sa wasunsu suka aro kalmar libre daga Faransanci da Sifaniyanci. Hausa ba ta da wannan matsala, domin "kyauta" daban, "'yanci" daban. Fassarar da ta dace ita ce "'yantacciyar manhaja", ba "manhajar kyauta" ba. Bambancin ba ƙarami ba ne: manhajar WhatsApp kyauta ake samun ta amma rufaffiya ce, alhali kuwa ana iya sayar da 'yantacciyar manhaja da kuɗi ba tare da ta rasa 'yancinta ba.

3.0 Asalin Fafutukar

A farkon zamanin kwamfuta, wato shekarun 1950 da 1960, na'urar ita ce hajar sayarwa, manhaja kuwa tare da ita take zuwa, sau da yawa har da matanin asalinta. Masana a jami'o'i suna musayar manhajoji kamar yadda malamai suke musayar littattafai. Al'amura sun fara sauyawa a 1969 lokacin da kamfanin IBM ya raba farashin manhaja da na na'ura. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar ƙananan kwamfutoci yana zargin su da sata saboda kwafar manhajar kamfaninsa ba tare da biya ba. A 1980 kuma aka yi wa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka gyara ta ƙunshi manhajar kwamfuta a fili.

A daidai wannan lokaci Richard Stallman yana aiki a ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na cibiyar fasaha ta MIT. Ma'aikatan wurin sun saba gyara manhajar tsohuwar na'urar ɗab'insu, har sun sa tana sanar da mutane idan takarda ta maƙale. Da aka kawo sabuwar na'ura ta kamfanin Xerox, sai ba a haɗo da matanin asalin manhajarta ba. Stallman ya nemi matanin a wurin wani mai bincike a Jami'ar Carnegie Mellon, shi kuwa ya hana shi, saboda ya riga ya sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri. Darasin da Stallman ya ɗauka shi ne, rufaffiyar manhaja tana hana mutum gyara kayan aikinsa, tana kuma tilasta masa ya hana maƙwabcinsa abin da ya sani.

A watan Satumba na 1983 ya ba da sanarwar shirin GNU, wato gina cikakkiyar babbar manhaja mai kama da Unix wadda kowa zai iya amfani da ita cikin 'yanci. Ya ajiye aikinsa a MIT a farkon 1984, sannan ya kafa Gidauniyar 'Yantacciyar Manhaja a 1985. Zuwa 1990 an kammala yawancin sassan tsarin, sai dai ƙwayar da take haɗa manhajoji da ƙarafan na'ura. Wannan giɓi ne wani ɗalibi mai shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya cike a 1991 da ƙwayar Linux, wadda ya sanya ƙarƙashin lasisin GNU a 1992. A 1998 wani ɓangare na masu wannan aiki suka ɓullo da sunan "buɗaɗɗen tushe", suna masu fifita ingancin aiki da jawo hankalin 'yan kasuwa a kan maganar 'yanci. Manhajojin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. A manufa suka sha bamban.

4.0 Shika-shikan 'Yanci da Lasisin GPL

Ana kiran manhaja 'yantacciya idan ta ba mai amfani da ita abubuwa huɗu, waɗanda bisa al'adar masu gina manhaja ake ƙirga su daga sifiri:

(0) ikon yin amfani da ita a kowane irin aiki da ya ga dama;
(1) ikon nazarin yadda take aiki da kuma sauya ta yadda za ta biya masa bukata;
(2) ikon kwafar ta ya ba wani;
(3) ikon rarraba sigar da ya gyara domin jama'a su amfana.

Na (1) da na (3) ba sa yiwuwa sai da matanin asali. Ana iya cewa mutumin da bai san ginin manhaja ba babu ruwansa da waɗannan biyun, amma ba haka abin yake ba. Mai mota ba lalle ne ya iya kanikanci ba, duk da haka yana amfana da kasancewar kowane bakanike yana iya buɗe injin motarsa. Da a ce kamfanin da ya ƙera motar ne kaɗai yake da izinin taɓa ta, da shi zai yanka farashi, shi zai zaɓi abin da zai gyara, shi kuma zai faɗi ranar da za a jingine ta.

Domin kada wani ya ɗauki aikin jama'a ya rufe shi, Stallman ya tsara lasisin GPL a 1989, aka sabunta shi a 1991 da 2007. Dabarar da ke cikinsa ita ce amfani da dokar haƙƙin mallaka wajen cim ma akasin abin da aka saba amfani da ita a kai. Marubucin manhaja yana riƙe da haƙƙinsa, amma ya ba kowa izinin kwafa da gyara da rarrabawa, bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya rarraba ta, ko da ya yi mata gyara, wajibi ne ya ba da matanin asali tare da wannan izini ga wanda ya karɓa. Ta wannan fuska tsarin ya yi kama da waƙafi, kamar rijiyar da aka haƙa don jama'a, wadda wani ba ya da ikon kewaye ta ya mayar da ita tasa. Inda suka saɓa shi ne, GPL bai hana ciniki ba. Rufewa kaɗai ya hana. Akwai kuma wasu lasisai masu sassauci, irin su BSD da MIT, waɗanda ba su ɗora wannan sharaɗi ba.

5.0 Dalilan Rashin Yarda da Manyan Kamfanoni

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Zargin da ake yi wa manyan kamfanonin fasaha ya samo asali ne daga abubuwan da suka faru a zahiri, waɗanda za a iya kasa su gida huɗu.

5.1 Ɓoyayyen Aiki

Manhajar da ba a iya karanta matanin asalinta tana iya aikata abin da mai ita bai sani ba. A 2005 an gano cewa wasu fayafayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya sa su, domin hana kwafa, kuma wannan manhaja ta buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa. A 2015 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa masu amfani da man dizal manhajar da take gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai ta rage shi, idan an koma kan hanya kuma ta sake shi. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11.

5.2 Iko Daga Nesa

A watan Yuli na 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell, ciki har da mai suna 1984, daga na'urorin karatu na Kindle na mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu, saboda wata matsalar haƙƙin mallaka. An mayar musu da kuɗinsu, amma an nuna musu cewa littafin da ke hannunsu ba nasu ba ne. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, littattafan da aka saya daga can suka daina buɗuwa. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin Adobe ya sanar da masu hulɗa da shi a ƙasar Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, kafin daga baya ya sami izinin ci gaba. Tun 2013 kamfanin ya koma ba da manyan manhajojinsa haya wata-wata ko shekara-shekara, don haka rufe asusu daidai yake da ƙwace kayan aiki. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

5.3 Babakere a Kasuwa

A 1998 gwamnatin Amurka ta kai Microsoft ƙara bisa zargin amfani da rinjayen Windows wajen danne abokan gasa. A shekarar 2000 alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni a 2001, amma ta tabbatar da cewa kamfanin ya karya doka wajen kare babakerensa. Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497 a 2004, ta kuma ci Google tarar Yuro biliyan 4.34 a 2018 a kan yadda yake tafiyar da Android. A watan Agusta na 2024 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba a harkar binciken intanet.

5.4 Tattara Bayanan Jama'a

Yawancin hidimomin da ake samu kyauta a intanet da kuɗin talla ake tafiyar da su, talla kuwa ta dogara ne ga sanin halayen mutum da abin da yake so. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A 2013 Edward Snowden ya fallasa takardun da suka nuna yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA take samun bayanan masu hulɗa da manyan kamfanoni ta shirin PRISM. A 2018 aka gano cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87, abin da ya jawo wa Facebook tarar Dala biliyan 5 a 2019. A Nijeriya ma, hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kuma kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025.

6.0 Yadda Al'amarin Ya Shafi Harsunan Nijeriya

6.1 Haruffa da Adana Rubutu

Tsarin ASCII da aka gina kwamfutocin farko a kansa yana da gurabe 128 ne kacal, an kuma tsara shi ne domin Ingilishi. Babu ɓ da ɗ da ƙ na Hausa a ciki, waɗanda aka tsayar a rubutun boko tun shekarun 1930; babu ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci, ko ị da ụ da ṅ na Ibo, ko ŋ na Fulfulde, ko ǝ na Barbarci. Waɗannan ba ado ba ne, domin su ne suke bambance "fada" da "faɗa", "baki" da "baƙi", "kasa" da "ƙasa", "bari" da "ɓari". A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 na bai-ɗaya domin harsunan Nijeriya, amma kamfanonin da ke riƙe da kasuwar manhaja ba su ga ribar ɗaukar su ba.

Abin da masana suka yi shi ne ƙirƙiro nasu zubin haruffa, kamar Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana harafi mai lanƙwasa a wurin. Sun yi matuƙar amfani a zamaninsu, amma da zarar rubutun ya je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai asalin alamar ta bayyana. Wannan ne dalilin da ya sa ake cin karo da "qasa" da "xaya" da "vangare", ko "}asa" da "]aya" da "~angare", a kundaye da maƙalu masu yawa. Wanda ya nemi kalmar "ƙasa" a cikin irin wannan rubutu ba zai same ta ba.

Maganin matsalar ya zo ne daga buɗaɗɗen ma'auni na Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya kuma ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da U+0253, ɗ U+0257, ƙ kuma U+0199. Sai dai lamba ba ta wadatar ba sai da zubin da zai zana harafin da kyau, musamman inda ake ɗora alamar karin sauti a kan wasali mai ɗigo a ƙasa, kamar a Yarabanci. A nan ne 'yantattun zubi suka cike giɓi. Ƙungiyar SIL ta fitar da lasisin buɗaɗɗen zubin haruffa a 2005, ta saki Charis da Doulos da Gentium da Andika a ƙarƙashinsa, daga baya kuma ta fitar da Alkalami da Harmattan domin rubutun ajami irin na Afirka ta Yamma. Kowa yana da izinin ƙara musu harafin da harshensa yake bukata. Haka nan manhajar Keyman, wadda ta zama 'yantacciya, tana ba kowace al'umma damar tsara madannan rubutunta.

Sigar da aka adana rubutu a cikinta ita ma abin lura ce. Kundin da aka buga da wata tsohuwar rufaffiyar manhaja yana iya gagarar buɗewa bayan shekara ashirin ko talatin, kuma kamfani yana iya daina tallafa wa abin da ya ƙirƙira, kamar yadda Adobe ya daina karɓar zubin haruffa na Type 1 a watan Janairu na 2023. Buɗaɗɗun sigogi irin su OpenDocument, wanda ya zama ma'aunin duniya a 2006, da tsurar rubutu na Unicode, an wallafa ƙa'idojinsu a fili, don haka kowane masani yana iya gina manhajar da za ta karanta su.

6.2 Fassara Manhaja

A rufaffiyar manhaja, kamfani ne yake yanke shawarar harshen da ya cancanci a fassara ta zuwa gare shi, kuma girman kasuwa yake dubawa. A ƙarshen shekarun 1990 sai da gwamnatin ƙasar Aisilan ta matsa lamba kafin Microsoft ya yarda a fassara Windows zuwa harshenta. A 'yantacciyar manhaja kuwa ba a bukatar izinin kowa. Da wannan dama ce ƙungiyar Translate.org.za, wadda Dwayne Bailey ya kafa a 2001, ta fassara OpenOffice zuwa harsunan hukuma na Afirka ta Kudu, masana a Jami'ar Darussalam ta Tanzaniya suka fitar da sigar Suwahili a 2004, masu kishin Fulfulde kuma suka fassara Firefox. Fa'idar ba ta tsaya ga samun manhaja a harshen gida ba. Idan masu harshe ne suke fassarar, su ne za su zaɓi keɓaɓɓun kalmomi, su kuma gyara su idan sun ga kuskure. Google ya sanya Hausa da Ibo da Yarabanci a manhajarsa ta fassara a 2013, amma babu wani sashen harsuna da yake da ikon buɗe ta ya ga dalilin kurakuranta.

Takaddamar manhaja ta taɓa shafar makarantun Nijeriya kai tsaye. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na Classmate ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. A ƙarshen Oktoba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft yana kukan cewa an shirya cire Linux a sa Windows bayan an karɓi kayan. Daga baya asusun gwamnati da ya ɗauki nauyin yawancin na'urorin ya bayyana cewa zai bar su da Mandriva. Kamfanoni sun san cewa abin da yaro ya saba da shi a makaranta shi zai nema idan ya girma.

6.3 Kayan Bincike

Da yawa daga kayan aikin da manazarta harshe suke dogaro da su 'yantattu ne. Akwai Praat na Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam domin nazarin sauti, da ELAN na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen domin rubuta abin da aka naɗa a sauti ko bidiyo, da FieldWorks na SIL domin tsara ƙamus da nazarin ginin kalma. A nan 'yanci ya haɗu da ƙa'idar ilimi, domin sakamakon da ba a san hanyar da aka bi aka same shi ba, ba a iya tantance shi. Haka kuma shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana tattara muryoyi a harsuna da dama, ciki har da Hausa, ya bar su a buɗe ga kowa, saɓanin muryoyin da kamfanoni suke tarawa su killace.

7.0 Raunin Fafutukar

Kasancewar matanin asali a buɗe ba ya nufin an karanta shi. A 2014 an gano kuskuren da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda dubban ɗaruruwan shafukan intanet suka dogara da ita, alhali mutane ƙalilan ne suke kula da ita ba tare da isassun kuɗi ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da wani ya dasa a manhajar xz bayan ya shafe kimanin shekara biyu yana neman amincewar mai kula da ita. Buɗewar ce ta ba shi hanyar shiga, ita ce kuma ta sa aka bankaɗo shi.

Na biyu, manyan kamfanonin sun shiga harkar da ƙarfinsu. Microsoft ya sayi GitHub, matattarar da ta fi kowace tara irin waɗannan manhajoji, a kan Dala biliyan 7.5 a 2018, IBM kuma ya sayi Red Hat a kan Dala biliyan 34 a 2019. An gina Android a kan Linux, amma mafi yawan hidimomin Google da ke kansa rufaffu ne. Bugu da ƙari, idan aikin mutum yana gudana ne a kwamfutar kamfani ta hanyar intanet, to 'yancin manhajar da ke can ba ya ba shi iko a kan bayanansa.

Na uku, sauya sheƙa yana da tsada ta fuskar horo da sabo. Birnin Munik na Jamus ya mayar da kwamfutoci kimanin 15,000 zuwa Linux zuwa 2013, amma majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows a 2017. Duk da haka jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Abin da wannan ya nuna shi ne nasara ta dogara ga samun ƙwararru na gida da tsayayyar manufa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda fafutukar 'yantacciyar manhaja ta faro daga hana wani masani gyara na'urar ɗab'i, da yadda abubuwan da suka faru daga baya suka gaskata yawancin tsoron da ta bayyana, duk da raunin da take da shi. Ga manazarta harsunan Nijeriya, akwai matakai da ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Ya kamata sassan harsuna da mujallu su wajabta Unicode a duk rubutun da suke karɓa, su kuma juya tsofaffin kundayen da aka buga da aron gurabe tun ana iya buɗe su, aikin da ƙaramar manhajar musanya haruffa take iya yi. Ya kamata a riƙa adana ƙamusoshi da muryoyin da aka naɗa a buɗaɗɗun sigogi, a kuma ajiye kwafi a jami'a, kada a dogara ga rumbun kamfani kaɗai. Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, kwamfutocin da ba su iya ɗaukar Windows 11 suna iya ci gaba da aiki da Linux. A ƙarshe, haɗin gwiwa tsakanin sassan harsuna da na kimiyyar kwamfuta shi ne zai samar da ɗaliban da za su iya karanta matanin asali su gyara shi, domin sai da irinsu izinin da lasisi ya bayar yake zama iko a aikace.